Gwarancin ɗan tsuntsu ba shirme ba ne

Wai ashe ɗan tsuntsu ma sai ya yi gwaranci kafin ya iya waƙa, kuma akwai sashe guda a ƙwaƙwalwarsa da aikinsa kenan, sa shi ya riƙa kauce hanya. Abin nan ya tsaya min a rai gaskiya.

Wanda masana suka fi sa wa ido wani ɗan mitsitsin tsuntsu ne na Ostareliya mai jan baki, zebra finch. Namijin ne kaɗai ke waƙa, kuma ba da ita ake ƙyanƙyashe shi ba, a bakin ubansa yake ji ya haddace, sai ya kama ƴan surutai marasa kai da gindi yana yi yana sauraron kansa yana gyarawa, har wajen kwana 90 waƙar ta zauna daram, daga nan kusan ba ƙari ba ragi.

Hanyoyin jijiya biyu ne ke kula da waƙar a ƙwaƙwalwarsa. Ɗaya ta taso daga wani sashe da ake kira HVC ta bi ta wani sashen mai suna RA ta sauka maƙogwaro, ita ke riƙe da tsarin waƙar da lokacinta, tun 1976 Fernando Nottebohm ya gano ta a jikin kanari, eh irin wanda ake sa wa a keji ɗin nan. Ta biyun ce ta fi burge ni, ita zagaye take yi ta wasu sassan biyu, Area X da LMAN, kafin ta iso RA. A 1984 Sarah Bottjer da abokan aikinta suka lalata LMAN a babban tsuntsu, ko a jikinsa, ya ci gaba da waƙarsa. Da suka yi wa ƙarami kuwa sai waƙar ta daskare da wuri, ƴar guntuwa mara fasali. A 2008 kuma ƴan jami'ar MIT suka nuna ko an cire HVC ɗan tsuntsun zai yi gwarancinsa, amma an taɓa LMAN shikenan gwaranci ya mutu.

To ka ga LMAN ne ke ta cusa canje-canje, yau sama gobe ƙasa, shi kuma sinadarin dofamin da ke zuwa Area X ya ƙaru in sautin ya fito daidai, ya ragu in an kauce, a haka ake tace mai kyau.

Har cikin barci ma ba a hutawa, a 2000 masu bincike a Jami'ar Chicago sun ga ƙwayoyin jijiyar RA na aika saƙo da dare kusan yadda suke yi in tsuntsun na rera waƙa da rana.