Keken Gora da Masu Facin Aboabo

Abu biyu ne suka kai ni Kumasi, zumunci da keke. Zumuncin tsoho ne. Kakanmu ya bi hanyar fataucin goro har ya zauna a zangon Kumasi, a can aka haifi mahaifina da ƙannensa. Da gwamnatin Busia, firaministan Ghana na lokacin, ta kafa dokar korar baƙi marasa takardu a ƙarshen 1969, mahaifina yana cikin waɗanda suka dawo Kano, da Raleigh ɗinsa ɗaure a saman kaya. Ƙaninsa kuwa, da yake mahaifiyarsa 'yar ƙasa ce, ya yi zamansa. Shi ne Baffan da na sauka a gidansa a unguwar Aboabo. Keken kuma sana'ata ce. Kayan keke nake sayarwa, taya da tib da sarƙa da birki, kuma na daɗe ina ganin hoton keken gora na Ghana a intanet ina cewa sai na taɓa shi da hannuna kafin in yarda.

Hanyar ba ta da wani dogon labari. Legas, Seme, Kwatano, Lome, Aflao, sai Accra. Daga nan aka miƙa arewa, tafiyar kilomita kusan 250, ta Nsawam da Nkawkaw a gindin duwatsun Kwahu, sai Konongo da Ejisu. Idon ɗan kasuwa ba ya barin sana'arsa, don haka tun daga Accra nake leƙen taga ina neman mai keke. Ƙalilan na gani. Da muka shiga Kumasi na gane dalili ɗaya: gari ne na hawa da gangara, daga wannan tudu sai wancan, ga ruwan sama, ga tituna cike da ƙananan bas na haya da suke kira tirotiro da tasi da 'yan adaidaita da suke kira piragiya, ga kuma abobiya mai ɗaukar kaya. Babu wani gefe da aka ware wa mai keke. Wanda ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Kano zai ji a cinyarsa tun kafin ya hau.

Baffa ya ce in kekuna nake son gani da yawa, da Tamale na nufa. Can ƙasa a miƙe take, akwai hanyar keke a gefen manyan tituna, mata ma da goyo suna tuƙawa zuwa kasuwa. "Amma ka kwana tukuna, ɗana," in ji shi, "gobe da asuba za ka ga namu."

Gaskiyarsa. Bayan sallar asuba, kafin motoci su cika titi, zango na masu keke ne. Mai burodi da akwatinsa a kariya, malamin makarantar allo da buzu a naɗe, yaran da aka aika sayo koko da ƙosai, mai gadi da ya tashi daga aikin dare, mahauci da zai je kwata. Daga Aboabo zuwa Asawase zuwa Sabon Zango, duk inda ka ji ƙararrawa, in ka waiwaya, da Hausa za ku gaisa. Kusan dukkan kekunan na hannu ne, waɗanda ake jibgowa a kwantena daga Turai da Amurka da Japan. Na Japan ɗin ba sa ɓuya, masu kwando a gaba da ƙarfen tsakiya a sunkuye, wanda mai doguwar riga ko mai zani zai hau ba tare da ya ɗaga ƙafa sama ba.

A bakin wata kwata, ƙarƙashin rumfar kwano, Baffa ya haɗa ni da wani dattijo mai gyaran keke, abokinsa tun na ƙuruciya. A wurinsa na fi daɗewa a duk tafiyar nan, kuma ban yi asara ba. Kayan aikinsa ba su fi cikin akwati ɗaya ba: sifanu, filaya, guduma, famfo, gam, da kwanon ruwa na neman huji. Amma abin da yake fama da shi ya fi na masu gyaran Kano wuya. Mu a da, keke iri biyu ne ko uku, Raleigh da Phoenix da Hero, kayan wannan kusan duk suna shiga wancan. Shi kuwa kowane keke da ƙasarsa da awonsa. Tayar wannan inci 26, ta wancan 27, ta wani 28, kuma ko lambar ta zo ɗaya ba lallai bakin ƙarfen ya karɓa ba. Giyar wani a waje take, ta wani a cikin cibiyar ƙafar baya take a rufe. Ba ya da littafi, ba ya da kwamfuta. Yana da tarin matattun kekuna a bayan rumfa, daga nan yake ciro abin da zai rayar da masu sauran numfashi. Na ga ya miƙe ƙafar da mota ta lanƙwasa, yana ɗaure waya ɗaya yana sassauta ɗaya, yana juya ta a gaban babban yatsansa har ta daina rawa. Abin da ya gagare shi, kamar ƙarfen da ya tsage ko haƙorin da ya cinye, sai ya aika yaro Suame Magazine, unguwar maƙera da makanikai da ta shahara a duk Afirka ta Yamma, a yi masa walda ko a fafe masa sabo.

Na tambaye shi, "Baba, keken gora fa? Ana kawo maka gyara?"

Ya ce, "Malam, na gan shi a talabijin, na gan shi sau da yawa a hannun Turawa masu yawon buɗe ido. Nan rumfar dai bai taɓa shigowa ba."

Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin a waje in aka ce keke a Ghana, keken gora ake nufi. Labarinsa kuwa ba ƙarya ba ne. Wani Ba'amurke maƙerin kekuna, Craig Calfee, ya zo Ghana ya koya wa matasa haɗa jikin keke da gora. A Kumasi, Bernice Dapaah da abokan aikinta suka kafa Ghana Bamboo Bikes Initiative, suka ɗauki mata da matasa aiki. A 2013 Majalisar Ɗinkin Duniya ta karrama su a taron sauyin yanayi na Warsaw, har Sakatare Janar na lokacin, Ban Ki-moon, ya hau keken a gaban 'yan jarida. A ƙauyen Yonso kuma, ta wajen hanyar Mampong, Kwabena Danso ya kafa Booomers, suna haɗa jikin keke ana kai wa Jamus a ƙarasa shi a can.

Wani ɗan Baffa ya raka ni wata ƙaramar masana'anta a bayan gari. Abin da na fara ji ƙamshin gora ne da warin gam. Gorar kudu ba irin tamu ba ce. Tana da kauri, cikinta rami ne mai faɗi, tana fitowa a bakin rafi ta yi duhu. Ba a sare ɗanya. Sai wadda ta shekara uku ko fiye, a shanya ta watanni, a sa mata maganin gara da ƙwaro, sannan a zaɓi wadda ba ta tsage ba. Sanda bakwai ake buƙata ga keke ɗaya: uku manya na gaba, huɗu sirara da ke riƙe ƙafar baya. Ana fafe bakin kowace ta zauna daidai a jikin 'yar'uwarta, a ɗaure su a kan wani teburin ƙarfe mai awo don kada keken ya fito a karkace. Wurin da feda ke shiga, da wuyan da kan keke ke juyawa, da inda ƙafar baya ke maƙalewa, duk ƙarfe ne ake cusawa.

Gwanintar tana wurin gaɓoɓi. Wata matashiya ce ke wannan aiki, Hausarta ta zango garau, iyayenta mutanen arewacin Ghana ne. Tana tsoma zaren sisal a cikin gam mai ƙarfi, tana naɗa shi a mahaɗar sanduna, ta gicciya ta dawo, kamar yadda mai ɗori ke ɗaure karaya. In ya bushe sai ya zama dunƙule mai tauri, a bi shi da magagari da takardar gogewa har ya yi sumul, a shafa masa mai sheƙi. Ta ce mini wannan gogewar ita ke cin kwanaki, kuma a nan ake gane mai haƙuri.

Sun ba ni ɗaya na zaga. Ban ji nauyi ba, kuma a kan hanyar tsakuwa bai girgiza mini hannu kamar na ƙarfe ba, gorar tana shanye bugun. Na taka da ƙarfi a hawa, bai yi ƙara ba, bai lanƙwashe ba. Na sauka ina jinjina musu, kuma har yanzu ina jinjinawa. Aiki ne na ƙwarai.

Sai na tambayi kuɗi. Abin da aka gaya mini zai sayi kekunan hannu da dama a Aboabo. Ba tsawwalawa suka yi ba. Gora ce kaɗai ta gida. Gam daga waje yake zuwa, haka ƙarafan gaɓoɓi, haka giya da birki da sarƙa, duk da kuɗin waje, ga sidi, kuɗin Ghana, yana hawa yana sauka. Ga kuma kwanakin da hannu ke yi a kan jiki ɗaya. Saboda haka kasuwarsu tana Turai, ko wurin ƙungiyoyin da ke saya su raba wa 'yan makarantar ƙauye. Kuɗin yana shigowa, matasa suna samun albashi, a Yonso har makaranta aka gina. Ban raina wannan ba ko kaɗan. Abin da na ƙi yarda da shi shi ne a riƙa cewa keken gora ya warware wa talakan Ghana matsalar sufuri. Mai burodin Asawase bai san da shi ba. Wanda ke riƙe da shi a kan hanya kullum shi ne dattijon nan na bakin kwata, wanda ba a taɓa ɗaukar hotonsa an kai wani taro ba.

Akwai masu aikin da ya fi kusa da wannan talaka. Village Bicycle Project, da ta fara a Ghana a 1999, tana kawo kekunan hannu ƙauyuka a farashi mai sauƙi, kuma mai saye sai ya zauna an koya masa faci da gyaran birki da sa wa sarƙa mai. Tana kuma koya wa mata da 'yan mata tuƙi. Wannan na ƙarshen ya taɓa ni, don a gidan Baffa jikokinsa mata uku ne ke zuwa makaranta a ƙafa, keke yana jingine a zaure ba mai hawa sai yayansu. Na yi masa maganar. Ya ce shi ba ya hanawa, tsoronsa titi ne. Ban iya musa masa ba, na ga yadda piragiya ke yankan gaban mutum a Aboabo. Amma da la'asar babbar cikinsu ta fito da keken filin makaranta, yayanta yana riƙe da sirdi, Baffa kuma yana kan benci yana kallo, bai ce uffan ba.

A rumfar mai gyara ne kuma aka ba ni labarin Emmanuel Ofosu Yeboah, mutumin Koforidua da aka haifa da naƙasa a ƙafar dama, wanda a 2001 ya ratsa Ghana a kan keke da ƙafa ɗaya, tafiyar kilomita wajen 600, don mutane su daina ɗaukar naƙasasshe a matsayin mabaraci. Yaran rumfar duk sun san shi. Ɗaya daga cikinsu, mai ɗingishi, shi ya fi kowa iya ɗaura wayar ƙafa.

Ranar Lahadi na bi wasu samarin zango masu keken tsere zuwa tafkin Bosomtwe, kilomita talatin da wani abu kudu maso gabas da gari. Sun ara mini keke da hular kwano. Yawancinsu makanikai ne da teloli da 'yan makaranta, kekunansu na hannu ne da suka haɗa guntu-guntu, amma sun san giyarsu, sun san yadda ake bin bayan juna don a rage iska. Muka bi ta Kuntanase, muka hau har bakin tudu, sai ga tafkin a ƙasa, kewayayye, cikin ramin da wani dutse daga sama ya haƙa fiye da shekara miliyan da ta wuce. Gangarar zuwa Abono tana cin birki. A bakin ruwa masunta suna kan falankin katako suna tuƙi da hannu, don al'adar Asante ba ta son ƙarfe ya taɓa ruwan. Muka yi azahar a ƙarƙashin bishiya, muka ci soyayyen kifi. A dawowa hawan ya raba mu, na gaba suka jira na baya a saman tudu, ba wanda aka bari.

A hanya ɗayansu ya tambaye ni, "Yaya, a Kano ma ana raina mai keke?" Na ce sosai. Garin da kamfanin Raleigh ya taɓa kafa masana'anta, garin da ango ke yin ado da sabon keke, yau saurayi ya gwammace ya ci bashin babur. Sai da man fetur ya yi tsada bayan cire tallafi a 2023 na ga ma'aikata sun fara zuwa shagona suna tambayar taya, wasu ma a kunyace. Ya ce su ma haka, in ka zo wurin aiki a keke sai a tambaye ka ko lafiya.

Kafin in taso na koma masana'antar da tambaya ɗaya. Na kwatanta wa matashiyar nan gorarmu ta arewa, wadda ake yin sanda da gado da jinka da ita, siririya, cikinta kusan a cike. Ta ce ga sanduna huɗu na baya tana iya yi, ga manyan na gaba kuwa sai an gwada, don nauyi zai ƙaru. Ta rubuta mini tsawo da kaurin da take so a bayan wata takarda, ta ce in busar da su a inuwa, kada rana ta fasa su. Na yi magana da wani direban motar goro da ke zirga-zirga tsakanin Kumasi da Kano, ya ce in damin bai wuce tsawon mutum ba, zai kai mini shi Kumasi.