Godiya bayan suna, ga na kusa da wani na nesa

Alhamdu lillahi. Allah ya sauke ni lafiya, an yi suna, ni da jaririya muna cikin ƙoshin lafiya. Da yawa daga cikin waɗanda suka zo barka ba su san cewa da ciwon suga na masu juna biyu na ƙarasa cikin nan ba, shi ya sa godiyata za ta ɗan yi tsawo.

Na fara da malamar awo da ta matsa mini in yi gwajin suga, wanda ake yi tsakanin mako na 24 da na 28, alhali ba na jin ciwon komai. Da sassafe na je ban karya ba, aka ɗebi jini, aka ba ni ruwa mai giram 75 na gulukos, zaƙinsa har hawa kai yake, na zauna a benci awa biyu ana sake ɗiba. Malama, Allah ya saka miki da alheri. Haka likitar da ta zaunar da ni ta yi mini bayani da Hausa: mabiyiya ce ke fitar da sinadaran da ke rage ƙarfin insulin (sinadarin da ke sauke sugan jini), sugan uwa ya tsallaka wurin ɗa, ɗa ya yi girman da kafaɗarsa kan iya maƙalewa wajen haihuwa, bayan an haife shi kuma sugansa ya faɗi.

Maigida, kai ka ɗauki nauyin na'urar gwaji da tsadar 'yan takardunta, kai ke rubuta lambobin a littafi idan na huda yatsa da asuba. Inna, surukata, ke da kanki kika cire suga daga kunun gida, kika rage mini tuwon shinkafa, kika ƙara wake da zogale da ƙwai, kika tsaya mini lokacin da ake cewa mai ciki ba a hana ta abin da ranta ke so. Ba ni da bakin gode muku.

Akwai kuma mutumin da ban taɓa gani ba, wanda ƙanwata ma'aikaciyar jinya ta faɗa mini sunansa: Farfesa Boyd Metzger na Jami'ar Northwestern a birnin Shikago, Amurka. Cikin gwaji ukun da aka yi mini, sakamakona na kafin karin kumallo da kaɗan ya haura 5.1, iyakar da aka samo daga bincikensa, sauran biyun lafiya lau. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 1999, sai na safen ya kai 7.0 ake ƙirga shi. Da da ita aka auna ni, sallamata za a yi in koma gida in ci gaba da shan lemon kwalba.

Tun 1964 John O'Sullivan da Claire Mahan suka fitar da ma'aunin farko a Boston, amma abin da suka duba shi ne wace uwa ce za ta kamu da suga nan gaba. Metzger da abokan aikinsa kan jariri suka mai da hankali. Binciken da ya jagoranta, mai suna HAPO, ya bi mata kusan 25,000 a cibiyoyi 15 cikin ƙasashe 9, aka wallafa shi a 2008. Ya nuna cewa haɗarin haihuwar ƙaton jariri, da tiyata, da faɗuwar sugan jariri, yana hawa ne sannu a hankali tare da sugan uwa, tun kafin a kai inda ake kira ciwon suga. Daga nan a 2010 aka tsayar da sababbin lambobi: 5.1 kafin a ci komai, 10.0 bayan awa ɗaya, 8.5 bayan awa biyu, ɗaya kawai ya kai ko ya haura ya isa a ce mace tana da ciwon. Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓe su a 2013. Su ne aka auna ni da su. Shekarun da wannan bawan Allah ya kwashe yana bin jinin matan da bai sani ba, ni na ci amfaninsu a ɗakin haihuwa, kuma ina gode masa da dubban matan da suka yarda aka yi binciken da su. Abin da ke damuna shi ne babu ƙasar Afirka ko ɗaya cikin ƙasashen tara. Ina fata masu bincikenmu su samu tallafin yin irinsa a kan matanmu da abincinmu.

Likita ta ce in koma a sake gwada ni tsakanin mako 6 zuwa 12 bayan haihuwa, don wadda ta yi wannan ciwon tana cikin haɗarin kamuwa da suga daga baya. Da na yi arba'in zan je, da yardar Allah. Masu kawo mini kunun kanwa, na gode ƙwarai, amma a bar shi ba suga.

'Yan uwa da maƙwabta da kuka yi ta zirga-zirgar asibiti da hidimar suna, Allah ya bar zumunci, ya ba masu ciki sauka lafiya, amin.