Ajiye kwalin nan tukuna

Ranar Asabar na tarar da ɗan yayata a Tudun Wada ya cusa monitarsa, wato allon kwamfutarsa, a kwali, zai kai ta Kasuwar Barci. Wai an cuce shi, an ce 144Hz ce, wato mai sabunta hoto sau 144 a daƙiƙa, amma gem, wato wasan kwamfuta, na tafiya yana ƙyafta-ƙyafta. Na ce ya ajiye kwalin. Ya ce, "Kawu, ai ba ka san kayan yanzu ba."

Na san su. A 2019 na tara kuɗin wata huɗu na sayi irin wannan monitar, na kusa shekara ina zargin mai shagon a zuciyata, na sayar da ita da asara. Na sayi wata, matsalar ba ta gushe ba. Sai daga baya na gano Windows ce ta bar allon a 60Hz, wato yana sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, alhali yana iya 144. Kebul ɗin ma tsohuwar HDMI ce da na cire daga dikodar gidanmu. Har yau abin na cina, musamman mai shagon da na daina gaishewa ba laifinsa. Amma a lokacin wa zan tambaya? Data tsada, wutar NEPA ba ta zama, in ta zo gem nake so in buga, ba bincike ba. Ku fa? Komai na cikin wayarku, amma sai kallon TikTok har asuba.

Na shirya yi masa dogon bayani, sai ya zama kaɗan. Ka shiga Settings, System, Display, Advanced display, ka duba lambar Hz ɗin. Ka tabbata kebul na jikin katin hoto ne, wato na'urar da ke sarrafa hoto a cikin kwamfuta, a ramin ƙasa na bayan kwamfutar, ba na kusa da USB ba. Kar ka ƙara kashe ko kwabo. To, sai dai kebul ɗin DisplayPort, wannan ka saya, domin wasu monitocin ba sa wuce 60 ta HDMI. In kuma katin hotonka bai fitar da hoto fiye da 50 a daƙiƙa ba, ko ka sa 144 ba za ka ga wani abin kirki ba, ka rage ingancin hoton a cikin gem ɗin.

Muka duba tasa. 60 ce. Ya mayar da ita 144, ya motsa linzami, ya yi shiru. Ko minti biyu bai yi ba ya koma kan wayarsa, kwalin na nan a tsakar ɗaki.