Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Farar Shinkafa da Shayi

A makon jiya na tsaya a inda likita ya faɗa mana sunan lalurar ɗana Baffa: galahanga, wadda ake kira otizim. Yau batun abinci ne, don a nan muka fi jin jiki.

Tun yana shekara 3 Baffa ya raba gari da miya. Kuka, kuɓewa, taushe, duk ɗaya. Abincinsa a duniya uku ne: farar shinkafa ba mai ba yaji, biredi da aka ɓare wa ɓawo, sai shayi da madara a shuɗin kofinsa na roba. In kofin ya ɓace, ranar ba shayi. Ƙwayar wake ɗaya ta faɗa cikin shinkafar, zai ture farantin, ya toshe kunnuwa, ya koma bayan ƙofa yana jijjiga jiki.

Ana haka Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta zo mana daga Gwarzo. Ta zuba ido kwana biyu, sannan ta ce, "Ke kika sangarta min miji. A zamaninmu wa ke tambayar yaro abin da yake so? Ɗura ake yi."

Na ce, "Hajiya, ba ƙi yake ba, kasawa yake."

Amma wa ke ja da suruka? Ta matse shi a cinya, ta toshe masa hanci, ta ɗura masa koko. Ya sarƙe, ya amayar da komai. Daga ranar ko shinkafar tasa ya daina karɓa sai da lallashi, ganin ludayi kawai yake arcewa. Har yau ban riƙe ta a rai ba, da ɗurar ta raini nata 'ya'yan, kuma sun girma. Sai dai Baffa ba irinsu ba ne.

Abin da ya tayar min da hankali shi ne tafin hannunsa da cikin idonsa da suka yi fari fat, ga bayan gida sai ya kwana uku bai yi ba. Aka yi gwaji, aka ce ƙarancin jini ne. A nan aka haɗa mu da wata ma'aikaciya mai kula da abincin marasa lafiya, Allah Ya saka mata. Ta ce madara ba ta da sinadarin ayon mai ƙara jini sosai, shayi kuma yana hana jiki tsotsar ɗan wanda aka samu a abinci. Ta ce yara irinsa suna jin abu a baki da hanci fiye da yadda muke ji: yauƙin kuɓewa ko warin daddawa a wurinsa azaba ce. Shinkafa kuwa kullum yadda ya san ta haka take, ba ta yi masa ba-zata.

"Maman Baffa, kada ki ɓoye masa komai cikin shinkafarsa. Ranar da ya gano, ita ma zai bar ta, kin ga an yi biyu babu."

Aka ba shi maganin ƙarin jini, aka ce a nisanta shayi da lokacin cin abinci. Sabon abinci kuma sai a ƙaramin faranti daban, a gefe, ba a ce masa ci. Muka fara da abin da ya yi kama da nasa, fari maras romo: farin dafaffen ƙwai da awara. Makonni yana ture farantin. Daga baya ya bar shi a wurin. Sannan ya fara taɓawa da yatsa, yana shinshinawa. Sai bayan ƙaramar Sallah ya gatsi awara, ya tauna, ya haɗiye. Ƙwan kuwa har gobe bai kula shi ba.

Ina cikin wannan murna Baban Baffa ya shigo da saƙon Hajiya: wai an samo wani mai magani a ƙauye, ranar Asabar za a tafi da yaron. Yadda muka kwashe da shi a daren nan, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.