Aikin koyarwa a Igloolik

Aikin koyarwa ne ya kawo ni Igloolik, ƙaramin gari a yankin Nunavut na arewacin Kanada, inda babu titin mota da ya haɗa shi da wani gari, sai jirgin sama. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu rana ba ta fitowa, saboda haka jadawalin Ottawa, babban birnin Kanada, nake bi wajen salla.

Ɗalibaina sukan shigo aji cikin duhu, ƙanƙara maƙale a gashin idanunsu, suna hira da harshen Inuktitut. Iyayensu sun dage a riƙa koyar da shi, domin makarantun kwana na da sun raba yara da yawa da harshensu, kuma ina ganin gaskiyarsu ƙwarai. Ni ma na fara ɗaukar darasinsa wurin wata dattijuwa.