Payangko, dabbar da ke yin ƙwai kuma ta shayar

A duniyar nan kaf, iri biyar ne kawai na dabbobi masu shayarwa ke yin ƙwai. Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce wadda mutanen duwatsun Cyclops, a yankin Papua na ƙasar Indonesiya, ke kira payangko. Masana na ce mata ekidna mai dogon baki. Jikinta ƙaya ce kamar bushiya, ba ta da haƙori ko ɗaya, da dare take fita tana cusa baki cikin laka tana zaro tsutsotsin ƙasa.

A 1961 wani Bature ɗan ƙasar Holan ya samo guda ɗaya, ga ta can ajiye a gidan tarihi a birnin Leiden. Daga nan shiru, har wasu suka fidda rai. Sai a 2023 ayarin Dakta James Kempton na Jami'ar Oxford ya kafa kyamarori a dajin, ɗaya ta ɗauko ta tana tafiyarta. Na yi murna ƙwarai, amma murnar ba ta daɗe ba.

Matsalarta karnukan farauta ne da gatari. Ba ta da gudu, dabararta kawai ta dunƙule ko ta tona ƙasa ta shige, kare kuwa da hanci yake aiki. Ga shi ƙwai ɗaya tak uwar ke yi. In aka kashe mace guda, an yi ɓarnar da za a daɗe ba a mayar ba. A gindin duwatsun kuma, wajen garuruwan Jayapura da Sentani, ana ta sare daji don gona da itace. Ambaliyar da ta afka wa Sentani a watan Maris 2019 ta ci rayuka sama da 100, kuma an alaƙanta ta da wannan sarar.

Ni dai ba na ganin laifin talakan da ya shiga daji neman naman miya. Mutanen ƙauyen Yongsu Sapari sun san darajar dabbar tun kaka da kakanni. A al'adarsu, in rigima ta ɓarke, sai a tura ɓangare ɗaya daji neman payangko, ɗayan kuma teku neman wani babban kifi, in an samo su sai a yi sulhu. Da taimakonsu masanan suka hau dutsen. Su ya kamata a ɗauka aikin gadin dajin, a riƙa biyan su albashin da zai riƙe gida.