Ƙofar fadar da na zana sau biyu

Bayan girbin bara samarin garinmu, can gefen Ringim, suka shirya wasan kwaikwayo a dandali, suka ce ni zan zana ƙyallen da za a rataya a bayan 'yan wasa. Na karɓa da gadara, tunda ni ke yi wa malaman firamare zanen kwali. Na sayo akoko yadi shida, na kwana huɗu a kan ƙofar fada: zanko, dagin Arewa, har ƙusoshin ƙyaure ɗaya bayan ɗaya da siririn buroshi.

Daren gwaji aka ta da janareto, aka kunna ƙwai biyu. Na koma inda mata za su shimfiɗa tabarmi, na ɗaga kai, gabana ya faɗi. Shuɗin ya koma baƙi, ƙusoshin sun ɓace, fadar kamar bangon da hayaƙi ya cinye.

Akwai wani dattijo mai facin keke da ya yi samartakarsa a Fagge, yana rubuta allon talla a ƙofar sinima, zamanin da Plaza da Wapa ke cika da masu kallon Indiya. Ya matso da fitilarsa.

"Ɗana, wa ka yi wa wannan, kai ko jama'a?"

"Jama'a mana, Baba."

"To jama'a ba sa kallo da hanci a jikin ƙyalle."

Ya ce su allonsu mai wucewa a kan keke suke yi wa, in bai gane da kallo ɗaya ba an yi asara. Daga nan hira ta ɗauke shi, ya gangara kan Rex da aka buɗe a 1937, da Palace ta Jakara da ta koma asibiti, da yadda gidajen ba su da rufi, sai duhu ya yi ake saka fim. Da ƙyar na dawo da shi kan ƙyallena.

Washegari muka juya bayan akokon. Farar ƙasa da ƙaro, jan garura, sai baƙin layi mai kaurin yatsa uku. Duk shafa biyu sai ya kore ni taku ashirin baya in duba. Raina bai so barin ƙusoshin nan ba, har yau ma.

Abin da dukanmu muka manta shi ne iskar hunturu. Sarki na tsakiyar yanke hukunci fadar ta kumbura ta rufe dogari, sai da yara biyu suka zauna a kan bakin ƙyallen har aka tashi.